Ragin Hanya a Batha

A Zariya, Malam Shakir bai taɓa taka ƙasa daga gida zuwa makarantar da yake shugabanta ba. Motarsa ce, da direbansa. Da ya samu gurbin karatun digiri na uku a Riyad, sai ya kama ɗaki a unguwar Shumaisi, kullum ya taka minti ashirin zuwa tashar jirgin metro, ya hau, ya sauka ya jira bas. Watan farko ƙafafunsa suka kumbura, har sai da ya sayi takalmi mai lamba ɗaya sama da nasa. Zuwa wata na biyar ya daina jin ciwon, ya daina jin haushin ma. Yakan tsinci kansa a ƙofar jami'a ba tare da ya tuna hanyar da ya biyo ba.

Wata Alhamis bayan la'asar yana tsaye a tashar bas ta Batha da jakar littattafai, wata farar mota ta tsaya gabansa, aka sauke gilashi.

"Malam? Allah gafarta Malam, kai ne?"

Mukhtari ne, wanda ya tuƙa shi shekara huɗu kafin ya taho Saudiyya neman aiki. Ya yi ƙiba, ya tara gemu. Malam Shakir ya miƙa hannu ya kama ƙofar baya.

"Zo gaba, Malam. Bayan na iyalin kafili ne, maigidan da nake wa aiki."

Ya shiga gaba. Sanyin motar ya doki gumin bayansa. Mukhtari yana ta zuba, yana tambayar Hajiya da yara, da ko an gyara titin Tudun Wada. Malam Shakir yana amsawa da "lafiya lau" da "ai kuwa". Ya laluba ransa ko zai ji kunya ko murna, bai tarar da komai ba. Abin da ya lura da shi kawai, unguwannin da yake ratsawa da ƙafa ƙanana ne ashe.

Ba su yi nisa ba waya ta yi ƙara. Mukhtari ya gyara zama. "Hadir, Madam. Hadir," ya amsa da "to" irin na Larabawa. Ya ajiye, ya kasa kallon Malam.

"Matar kafili ce, wai in zo yanzu-yanzu. Wallahi Malam..."

"Ba komai. Sauke ni nan."

Ya sauke shi bakin wani babban titi, gefen shagunan tayoyi, wurin da bai taɓa zuwa ba. Sai da motar ta ɓace ya tuna ba su karɓi lambar juna ba.

Ya tambayi wani ɗan Bangaladash mai faci inda tasha take. Mutumin ya nuna gabas da sifanar da ke hannunsa, ya ce da ɗan tafiya. Malam Shakir ya mayar da jakar ɗaya kafaɗar, ya bi inuwar katanga. Aka kira magariba yana hanya, ya ratse wani ƙaramin masallaci ya yi salla, ya fito ya ci gaba.