Muryar Auta a Tsohon Faifai

Kwamfutar ba ta fi littafin karatu girma ba. Fara ce a da, amma duk inda hannu ke taɓawa ya koma ruwan ƙasa. Mai ita kuwa, mutanen layin Tafireta suke ce mata, don a bakin keken rubutu ta ƙarar da ƙuruciyarta a ofis, kuma ritaya ba ta sa yatsunta sun zauna ba. Takardar neman aiki, tambayoyin jarrabawar makarantar da ke bayan layi, duk ɗakinta ake kawowa, ta ɗora tabarau ta buga.

'Yarta Auta ce ta haɗa ta da kwamfutar. Wurin wata ƙawarta ta karɓo ta ana shirin jefarwa, don ta yi nauyin da sai ka kunna ta, ka je ka yi wanka, ka dawo ka tarar tana nan tana tunani. Auta ta ce ba tsufa ne kaɗai ke damunta ba, kaya aka ɗora mata fiye da ƙarfinta, ita za ta saka mata wani tsarin tafiyar da kwamfuta mara nauyi, Linux.

"Ki saka mata ko mene ne," in ji Tafireta, "in dai abin da na buga shi zai fito."

To, an sha fama. Saka shi bai ɗauki wani lokaci ba, amma waifai ya ce bai san zancen ba. Sai da Auta ta ɗauki kwamfutar zuwa makarantarsu, ta jona mata wayar intanet, ta sauko da abin da katin waifai ɗin ke bukata. Aka gama da wannan, sauti ya tayar da nasa rikicin: in an sa abin kunne ana ji, in an cire shiru. Yarinyar nan ta zauna a ƙasa ta harɗe ƙafa, tana rubuta fararen haruffa a baƙin allo, tana tsaki tana yi wa na'ura faɗa kamar ƙanwarta. 'Yar kyamarar da ke saman allon kuwa ta ƙi sam, har Auta ta gaji ta sallama mata.

Ranar da sautin ya fito ta lasifika, don murna ta ɗauki muryarta ta saka, ta yadda duk aka kunna kwamfutar ita za a fara ji.

"Mama, ina kwana? Kin sha maganinki kuwa? Kada ki yi mini ƙarya, ina kallonki ta wannan ɗan idon." Sai dariya, guntuwa, wadda ta katse a tsakiya don yatsanta ya riga ya danna.

Tafireta ta yi ta mita a cire mata wannan shirme, masu kawo aiki suna ji. Auta ta ce gobe, gobe ta zo ta ce jibi. Kafin jibin ya zo da gaske, zazzaɓi ya kwantar da ita, aka kai ta asibiti, aka dawo da ita a naɗe. Yarinyar da ba ta son hoto, ba ta aika saƙon murya sai rubutu, wayarta ma ta ɓata a cikin hidimar asibiti. Duk duniya, muryarta a wuri ɗaya ta rage.

Tun daga nan kullum da safe Tafireta kan goge tebur, ta buɗe kwamfutar, ta danna, ta jira. Ko akwai aiki ko babu. Wata rana babban ɗanta ya shigo ya tarar da ita tana amsa gaisuwar, ya tsaya a bakin ƙofa ransa a ɓace.

"Mama, wannan abin shi ke hana ki dangana. Mutane za su ce wani abu ya taɓa ki."

Maganar ta shige ta, ta koma rufe ƙofa kafin ta kunna, kuma ba ta ƙara gaya wa kowa ba.

Sai kwamfutar ta fara wata ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, kamar agogon bango. Wata safiyar ta tashi, wata safiyar ta tsaya a baƙin allo. Da abin ya maimaita, tsoro ya kama Tafireta sosai, ta naɗe ta cikin tawul ta nufi layin masu gyara.

Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai sayar da caja da mai ɗinki. Mai gyaran, wanda kowa ke ce wa Injiniya, mutum ne mai furfura jefi-jefi, ba ya son hayaniya. Teburinsa cike da gawarwakin laftof, ga murfin kwalba da yake tara ƙananan kusoshi a ciki, ga fanka tana juyawa tana kaɗa wayoyin da ke rataye. An gaya mata shi kaɗai ne a layin ba ya gudun Linux. Mutum biyu na zaune a benci suna jiran nasu, ɗaya ma ɗan layinsu ne.

Injiniya ya kara kunnensa a jikin kwamfutar ya saurara.

"Mama, faifan ajiyarta ne ke mutuwa. Kin yi sa'a kin zo yau. Sai mu kwashe abin da ke ciki tun yana numfashi, mu sa sabo."

"Ɗana, kada komai ya ɓace."

"Me kika fi bukata a ciki?"

Nan ne fa. Maganar ta zo mata har baki. Ta waiga ta ga ɗan layinsu ya ɗago kai daga wayarsa, ta tuna fuskar babban ɗanta a bakin ƙofa. Tsohuwa da furfurarta, ta ce ta zo ne saboda gaisuwar na'ura? Kunya ta rufe mata baki.

"Komai dai," ta ce. "Duk abin da ke ciki."

"An gama."

Kuma wallahi mutumin ya yi aikinsa yadda ya saba, ba ha'inci. Ya soka filash ya tayar da kwamfutar daga cikinsa don kada ya wahalar da faifan, ya buɗe wurin ajiyarta, ya zaɓi duk abin da ke kan allo, ya ja zuwa nasa faifan. Kwafin ya yi ta rarrafe, yana tsayawa yana ci gaba, ƙarar nan tana ƙaruwa. Tafireta ta ƙura wa layin da ke cika a hankali ido, hannunta a ƙirji. Da ya kai ƙarshe Injiniya ya juyo mata da allon. Ga takardunta, ga hotunan jikoki, ga tambayoyin jarrabawa tun na bara waccan.

"Duk sun fito?"

"Ko ɗaya bai rage ba. Ki dawo gobe da hantsi."

Ta dawo da hantsi, shagon ba kowa sai shi. Ya goge kwamfutar har farinta ya so dawowa, kuma fuskarsa ta nuna ya ji daɗin aikinsa.

"Sabon faifai, sabon Linux. Wanda ya haɗa miki ita da farko ya sha wahala, na ga alama. Yanzu an wuce wurin, waifai da kansa ya kama. Kin san ma kyamararta tana aiki?"

Ya danna wani abu, sai ga fuskarta a allo, tabarau a karkace, ido ya faɗa. Ta kau da kai.

"Kashe ta ka sake kunnawa, in gani."

Ya kashe ya kunna. Kwamfutar ta tashi da sauri irin wanda ba ta taɓa yi ba. Lasifikar ta yi wani ɗan kiɗa mai daɗi, tsaf, babu ko gargada. Tafireta ta ci gaba da jira. Allo ya gama buɗewa, fanka tana ta juyawa, ita tana jira.

"Mama, lafiya?"

"Ina gaisuwar?"

"Wace gaisuwa?"

Yanzu da ba kowa a benci, maganar ta fito da sauƙi, har ta ji haushin sauƙin. Ta gaya masa Auta, da faɗan da ta yi da sauti, da abin da take cewa, da dariyar da ta katse. Ta gaya masa yarinyar ta rasu. Tun kafin ta gama ta ga fuskarsa ta canza, ya ajiye sukundireban da ke hannunsa a hankali.

Ya jawo faifansa, ya sa aka nemo duk wani fayil na sauti a cikin abin da ya kwafa. Waƙoƙi uku ne da wani karatu. Ya sake nema da wata hanya, abin da ya fito shi ya sake fitowa. Sai ya danna maɓalli biyu tare, nan take wasu foldoji da ba a gani a da suka bayyana a allo, kowace da ɗigo a farkon sunanta.

"Kin ga waɗannan? Linux ɓoye su yake yi, don kayan tsari ne, kada mutum ya taɓa bisa kuskure. Duk wanda zai sa wa kwamfuta abin da za ta yi in ta tashi, a irin nan yake ajiyewa." Ya janye hannunsa daga kan maɓallan. "Ni kuma in zan sa sabon tsari ba na kwaso su. Tsoffin saituna ne, in ka zuba su a sabo rikici suke kawowa. Haka nake yi wa kowa, ba wanda ya taɓa dawowa."

"Na ce maka komai."

"Kin ce, Mama."

"Kai kuma ka tambaye ni, ban faɗa ba."

Ya buɗe durowa ya ɗauko tsohon faifan, ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. Ya jona shi da waya, su biyu suka sunkuya a kansa. Ya yi ƙas, ƙas, ya yi wani kuka siriri, ya yi shiru. Injiniya ya canza waya, ya canza kwamfuta, ya bar shi ya huce a gaban fanka ya sake gwadawa. Wani ya leƙo da laftof a hammata, ya ce masa ya dawo an jima. Har rana ta take yana abu ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa, faifan bai ƙara ko motsi ba.

"Kwafin jiya shi ne ƙarfinsa na ƙarshe," ya ce, bai iya kallonta ba. "Da na sani, ita zan fara ɗaukowa. Kwafinta bai fi ƙiftawar ido ba."

Tafireta ta so ta yi masa faɗa, ta nemi faɗan ta rasa. Baƙin ciki ne kawai ya zauna mata a ƙirji, mai nauyi, irin na ranar asibiti, har da ƙari, don wannan karon shirun da ta yi ne ya jawo. Ta miƙa hannu ya ɗora mata faifan. Da ɗuminsa.

"Tana ciki?"

"Tana ciki. Hanyar kai wa gare ta ce babu."

Ta ciro hankici ta naɗe shi, ta sa a aljihun jaka na ciki, ta ja zif. Hawaye suka zubo ta bar su, shi kuma ya sunkuyar da kai yana tattara kusoshin da ba su watse ba. Da ta share fuska ta gyara tabarau, ya naɗe mata caja, zai rufe kwamfutar ta dakatar da shi.

"Wannan kiɗan da take yi in ta tashi, ana iya cire shi?"

"Ana iya. Me kike so in sa a madadinsa?"

"Kada ka sa komai, ɗana. Ka bar wurin haka nan."