Kejin da Na Ƙera wa Zomon Baba

Tun da ciwo ya shanye wa Baba ɓarin jikinsa na dama, magana ta yi masa wuya. Kalma biyu, uku, sai harshen ya harɗe. A kujerar falo yake yini, ido a ƙofa. Abu ɗaya ke motsa shi: zomon da wani tsohon abokin aikinsa ya kawo masa da ya zo dubiya. Fari ne, kunne ɗaya baƙi. Yakan zo ya kwanta a kan ƙafar Baba mai lafiya, Baba ya sauke hannun hagu yana shafa shi. In zomon na kusa, Baba na cin abinci. In ba ya kusa, Mama ta yi ta lallashi har abincin ya huce.

Sai dai ɓarna gare shi. Ya gaigaye ƙafar tebur. Ya cinye bakin shimfiɗar falo. Ya haƙa rami a kusurwar katifata kamar mai neman ruwa. Duk muka shanye. Ranar wata Talata ya datse wayar keken ɗinkin Yaya, ya haɗa da hannun rigar wata mata da ya sauko ƙasa.

Yaya tela ce, a falon take aiki. Da na dawo na tarar da ita riƙe da rigar, idonta jawur.

"Yau sai an yanka shi," ta ce. "Ko ni ko shi a gidan nan."

"Yaya, dabba ne."

"Ni kuma fa, dutse ce? Me zan gaya wa mai rigar? In ce mata autanmu mai dogon kunne ne ya ɗanɗana?"

"Ki rage murya," in ji Mama. "Babanku na ji."

Yana ji kuwa. Ya damƙe hannun kujera har jijiyoyinsa sun fito.

Na ce a ba ni kwana biyu.

Walda nake yi tun da na gama sakandare. Abin da aka koya mini a shago ɗaya ne: in abu ya cika lalacewa, mayar da shi ƙarfe. Na haɗa keji da rodi da raga mai kauri. Ƙasansa faranti na ƙarfe, kwanon ci ƙarfe, na ruwa ƙarfe. Ko tsinke ban bari a ciki ba. Na goge duk wani kaifi, na shafa fenti. Maigidana ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Kura za ka sa a ciki?"

Na ajiye shi gefen kujerar Baba, na saka zomon, na ja sakata.

"To, Injiniya," in ji Yaya, "yau dai karatunka ya yi amfani."

Mama tausayinsa ta ji, ta riƙa ba shi abu mai laushi: burodi jiƙaƙƙe, dafaffiyar shinkafa, ayaba. Na ce haka ma ya fi. In ya saba da laushi zai manta da gaigaya. Ni na faɗi haka, da bakina, ban tambayi kowa ba.

Makon farko ya yi ta cizon rodi, ƙaf, ƙaf, ƙaf, yana buga ƙafar baya a faranti. Na biyu ya rage. Na uku ya daina. Na ɗauka ya yi hankali.

Wata rana na ga Baba yana tura bakin sandarsa ta tsakanin rodi, zomon na ci da gaggawa. Na zare sandar.

"Baba, zai cinye maka ita."

Ya yi wani gunaguni mai tsawo, yana kallona. Na makara wurin aiki, ban tsaya na fahimta ba. Na jingine sandar a inda hannunsa ba ya kai, na fita.

A mako na bakwai Mama ta tare ni a bakin ƙofa.

"Kwana uku ke nan babanka ko rabin kwano ba ya ci. Ka duba dabbar nan."

Na buɗe kejin. Haɓarsa a jiƙe take da yawu, gashin ya dunƙule. Abincin jiya na nan. Da na ɗaga shi sai na ji ƙashi zalla a tafina. Na ɗage masa leɓe. Haƙoran ƙasa sun zaro waje kamar lanƙwasassun ƙusoshi. Na sama sun karkata sun koma ciki.

Na sa shi a kwali na kai shi wurin likitar dabbobi. Mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan murmushi. Ta leƙa bakinsa da 'yar fitila.

"Me yake ci?"

Na lissafa mata.

"Me yake gaigaya?"

"Ba komai. Na hana shi."

Ta ɗago ta dube ni. "Ka hana shi."

Na ciro waya na nuna mata hoton kejin. Ban san me ya sa ba. Ina jin so nake ta yaba aikin.

"Samari," ta ce, "haƙorin zomo ba ya daina tsiro har ya mutu. Kamar farcenka ne. Da tauna yake rage shi. Busasshiyar ciyawa ya kamata ya yini yana ci, ga reshen itace, ga kwali, ga inda zai yi tono. Ba mugunta ce ke sa shi cin tebur ba. Wayar lantarki ake ɓoyewa, ba bakin zomo ba."

Na mayar da wayata aljihu.

Ta yi masa allura ya kwanta. Ta ɗauko wani ɗan inji ta fara rage haƙoran. Ƙararsa irin ta injin gugar ƙarfe na shagonmu ce, sai dai siririya. Na fita waje na tsaya.

Da ta gama ta ce na ciki ma sun yi tsini, sun yanka masa harshe da kumatu. Ta ba ni magani da sirinji mara allura na ɗura masa abinci.

"In bai fara ci da kansa ba nan da kwana biyu, cikinsa zai tsaya. Ban yi maka alkawari ba."

A hanya na sayi damin busasshiyar ciyawa da bututun roba. Ina isa gida na ja kejin waje, na yanke ƙofarsa. Na zura duk wayoyin falo a bututu, na ɗaure su sama jikin bango. Yaya na zaune a kan kekenta tana kallona.

"Sakinsa za ka yi?"

"Eh."

"In ya sake taɓa mini kaya fa?"

"Zan yi miki shinge kewaye da keken. Ke za ki shiga."

"Ka ji ɗan rainin wayo. Ni ce zan zauna a keji?"

"Ke ba ki gaigaya."

Ta buɗe baki za ta zage ni. Sai idonta ya kai kan Baba. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta mayar da kai kan ɗinkinta.

"Ka yi shi da faɗi," ta ce. "Kuma kada ka shafa masa wannan mummunan fentin."

Ranar farko zomon bai taɓa komai ba. Ya lafe cikin kwali, ido rabi a rufe. Ina ɗura masa abinci yana zubowa ta gefen baki. Ban je shago ba. Na zauna a ƙasa, ciyawa a gabana, Baba a bayana. Ina jin numfashinsa. Ban iya waiwayowa ba.

Rana ta biyu, bayan azahar, ya miƙo kai. Ya shinshina. Ya ja tsinke ɗaya, ya tauna rabi, ya yar. Ya jima. Ya ja wani, wannan ya cinye. Ya ƙara uku.

Na kira likitar. Ta ce, "Madalla. Bai tsallake ba tukuna. Kuma kowane wata ka kawo shi in duba, haƙoran sun riga sun karkace."

Da yamma lokacin kai Baba bayi ya yi. Aikina ne tun da ya kwanta, ni ke ɗaga shi. Na sunkuya na kama hannunsa na hagu. Ya zare shi. Na sake kamawa, ya sake zarewa, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Bai kalle ni ba. Ya juya wajen keken ɗinki, ya yi ta kokawa da harshensa har sunan Yaya ya fito.

Ta tsayar da keken, ta taso. Na matsa na ba ta wuri.