Sifaniyancin Ubale

Shekara takwas Ubale ya yi yana girki a jirgin ruwan Sifaniyawa bayan ya baro Bur Sudan, a can ya kwaso yarensu. Da yaren ya samu aikin tafinta a tashar jiragen ruwan Jidda, shekarun da ake ta jido siminti. Kamfanin da ya ɗauke shi ne kafilinsa, mai tsaya masa wurin hukuma. Duk ran da aiki ya tafi, iƙama, takardar izinin zama, za ta bi shi.

Kwatsam sai Mista Kolbi, Baturen Ingilan da ke shugabantar ma'aikata, ya ce yana son koyon yaren. Har gida ya biyo shi unguwar Mahjar bayan la'asar, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, ya sa hannu a kwanon shinkafa. Shi ke nan fa, kan Ubale ya kumbura.

"Kalmar nan llevar, riƙe ta da kyau," in ji Ubale. "Ɗaukar buhu ita ce, sa riga ita ce. Kai mutum asibiti ma ita ce. Ko shekarun da ka yi a gari, da ita ake faɗa."

Bature na rubutawa, Turai matar Ubale na harara daga bakin murhu. Da baƙo ya tafi ta ce, "Baban Zakiya, ka rage wa kanka wani abu mana. In ya iya duka, kai me za ka yi musu?"

"Haba, Turai! Mutumin da muka ci kwano ɗaya?"

Wata bakwai ana haka. Ran wata Asabar Kolbi ya kira shi ofis, ko kujera bai nuna masa ba.

"Halas, an gama, Ubale, ba ma bukatar tafinta. In kana son iƙamarka, akwai dako."

Dako, yana da shekara hamsin da uku! To ina zai kai 'ya'yan da aka haifa a Jidda? Ya karɓa.

Kwana uku bayan nan yana saukowa daga jirgi da buhun siminti a baya, ya ji Kolbi na ba matuƙa umarni da Sifaniyanci, har da jan muryar nan ta Ubale, sak. Kyaftin ɗin jirgin ya yi mamaki, ya tambaye shi inda ya koya.

"A littafi," in ji Kolbi.

Duk cikin 'yan dakon, Ubale kaɗai ya ji abin da aka ce. Ya gyara buhunsa ya wuce.