Wayar Bayan Labule

Sha'aban direba ne a gidan wasu Larabawa a unguwar Nasim ta birnin Riyad. Ɗakinsa yana manne da ƙofar gida ta waje, kamar sai da aka gama gini aka tuna da shi. Larabcinsa na tuƙi ne kawai, dama da hagu da tsaya da jira, kuma shekarun da ya yi a Riyad ba su nemi fiye da haka a wurinsa ba. Hausawan garin suna can nesa, ranar Juma'a suke haɗuwa. Shi kuwa Juma'a ce ranar da mutanen gidan ke zagayen dangi, don haka sai ya yi wata da watanni bai yi Hausa da mutum ido da ido ba.

A shekarar da garin ya fara buɗe sinima da wuraren kallo, Madam, matar maigidansa, ta kamu da son wani gidan baje kolin al'adu a unguwar Ulaya, inda ake koya wa mata aikin yumɓu duk yammacin Talata. Nasa aikin shi ne ya ajiye ta ya jira a mota. Wata rana da zafi ya kai zafi, maigadin wurin, wani Basudane mai kirki, ya ƙwanƙwasa masa gilashi ya ce ya shigo ya sha sanyi, ai kallo kyauta ne.

Gidajen ƙasa irin na kakanni ake nunawa a wurin. Ga hotuna, ga tsofaffin ƙyamare, sai wani ɗaki da aka gina a tsakiyar zauren da ƙasa ta gaske, ana yayyafa masa ruwa don kada ya tsattsage. Ƙamshin ne ya tsayar da Sha'aban cak. Haka ɗakin Rabi'atu yake ƙamshi a Gumel in ta yi yayyafi kafin shara.

Rabi'atu matarsa ce, bara ta rasu. Yana jiran yaran gidan a ƙofar makaranta aka bugo aka gaya masa, har an ma kai ta. Yara suka shigo mota suna faɗa a kan wurin zama, ya ja su zuwa gida. Bai gaya wa mutanen gidan ba, don bai san ta inda zai fara ba, kuma babu wanda ya kalli fuskarsa balle ya tambaya. 'Yan'uwa sun yi masa gaisuwa ta waya a gurguje, layi na yankewa. Tun daga nan maganarta take zaune a ƙirjinsa, bai sami kunnen da zai zuba ta ba.

A bakin fita wata ma'aikaciyar wurin, yarinya Balarabiya mai suna Kamila, ta miƙa masa takardar jin ra'ayin masu kallo. Wanda ya tsara takardar nan, Allah ya shirye shi, bai taɓa kawowa a ransa irin su Sha'aban suna da idon kallo ba. Rubutu ƙanana kamar tururuwa, Larabci ba wasali, bayan takardar kuma Turanci. Sha'aban yana karatun Alƙur'ani daidai gwargwado, amma wannan ya fi ƙarfinsa. Ya jujjuya ta, ya mayar mata da hannu biyu yana murmushin kunya. Kamila ta karɓa. Ta saba karɓar irinta fara fat daga direbobi da masu shara da tsofaffin da suka manto tabarau, kuma abin yana ci mata rai.

Bayan 'yan makonni sai ga sabon abu a kusurwar zauren: labule, kujera, da wayar tarho irin ta da.

"Ya ammi, baffa," in ji Kamila, tana haɗawa da hannu don ya gane, "ka ɗauka ka faɗi yadda ka ga wurin. Ba rubutu. Ayyi luga, kowane yare."

Kowane yare! Sha'aban ya shiga ya ja labule, ya ɗauki wayar ya kara a kunne.

"Salamu alaikum," ya ce, ya tsaya jiran amsa, bawan Allah. Da ya ji shiru sai ya ci gaba. "To, ina wuni? Ni sunana Sha'aban, mutumin Gumel. Ɗakin nan naku ya yi kyau, Allah ya saka da alheri."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan ran farko. Amma ya fito yana jin bakinsa wani iri, kamar wanda ya buɗe baki bayan azumi.

Talata ta gaba ya koma, ta gaba ma haka. Ya riga ya yanke a ransa cewa akwai mai saurare, wataƙila wani ɗalibi Bahaushe da suka ɗauka aiki. Har gaishe shi yake yi, ya tambayi karatu da mutanen gida. Ɗan'uwa yake ce masa. Daga yabon ɗaki ya gangara zuwa ƙamshi, daga ƙamshi zuwa Rabi'atu. Ya ba da labarin yadda take dariya har sai ta riƙe ciki, da yadda take ƙona tuwo in hira ta yi daɗi sannan ta ɗora laifin a kan itace. Ya faɗi yadda suka rabu a tasha tana fushi don ya ƙi ƙara mako guda. Ranar da ya kai ga labarin wayar ƙofar makaranta, ya yi kukan da bai yi ba a lokacin. Ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Yi haƙuri ɗan'uwa, na cika ka da surutu."

Amsa ba ta taɓa zuwa ba, amma bai ga laifin kowa ba, ya san mai aiki ba ya samun sukuni. Abin da yake so kawai ya tabbatar maganar ta shiga kunnen wani.

A Talatar ƙarshe, ana shirin rufe baje kolin, Kamila ta tare shi kafin ya kai labule. Fuskarta da fara'a, amma da nauyi a muryarta. Ta kira Basudanen ya taya ta bayani a hankali. Wayar mai naɗar murya ce, kuma ta yi amfani, in ji ta, mutane sun yi magana da Urdu da Bangali da yaren Filifin, kuma duk an sami masu fassarawa cikin ma'aikata. Nasa ne kaɗai ya gagara. Ta ɗauka na Sudan ne ta ba maigadi, ya saurara ya ce bai ji ko kalma ba. Ta tambayi wasu ma, ba a dace ba.

"Samihni, ya ammi," ta ce, wato ya yafe mata. "Na ce kowane yare, ban tanadi mai ji ba."

Sha'aban ya dubi labulen. Ashe babu ɗalibi, babu ɗan'uwa. Duk makonnin nan shi da roba yake hira. Kunya ta fara kama shi, sannan wani kaɗaici da ya fi na ɗakinsa ya biyo baya.

Kamila ta ja masa kujera gaban teburinta a tsakiyar zaure. Ta ce in ba damuwa su saurara tare, ya riƙa gaya mata da Larabci tana rubutawa. Ta danna kwamfuta, sai ga muryarsa, muryar wani dattijo da bai san ya zama ba, tana gaishe da ɗan'uwa. Ta riƙe biro tana kallonsa.

Ya lalubi Larabcinsa kaf. Akwai mai, akwai taya, akwai cunkoso. Babu ƙonannen tuwo a ciki, babu kewa.

"Yana cewa... zain," in ji shi, wato da kyau. "Gida zain. Komai zain."

Ta rubuta kalmar. Muryar ta ci gaba, ta fara rawa, ta karye. Kamila ta ajiye biro. Ba ta kashe ba, ba ta kuma kalle shi ba, ta sunkuyar da kai suka saurari kukan har ƙarshe, ma'aikata na ta sauke hotuna daga bango a bayansu.

"Kalma ɗaya na kama," ta ce a hankali. "Tana ta dawowa. Rabi'atu. Wace ce?"

"Mata," in ji Sha'aban da guntun Larabcinsa, yana nuna ƙirjinsa. "Tawa. Mutuwa."

Yarinyar ta dafe baki. Idonta ya ciko. "Allah yarhamha," ta ce. "Allah yarhamha, ya ammi."

"Amin," ya ce. "Amin."

Sai ya sami kansa yana jira. A gida, mai ta'aziyya ba ya tsayawa a addu'a, sai ya dube ka ya tambaya, "Ya haƙuri?" Kamila ba ta san da wannan ba, ta yi iyakar abin da ta sani. Wayarsa ta fara ruri a aljihu, Madam ta fito tana neman mota. Ya miƙe, ya mayar da kujerar mazauninta.

"Da godiya," ya ce da Hausa, ga tambayar da ba a yi masa ba.