A Tambayi Solfrid

Solfrid Haugland ta shiga jirgin fito ana gab da ɗage gada, jakar kwamfuta na dukan ƙugunta, numfashinta na fita sama-sama. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta wuce ɗakin fasinja ta nemi kujerar da ke jikin na'urar ɗumama ɗaki, sai ta tarar Gudveig ta riga ta, ta baje saƙarta a kan cinya.

Gudveig ƙanwar marigayi mijinta ce, kuma tun ranar aurensu ba su taɓa zama wuri ɗaya ba tare da ɗaya ta tsokani ɗaya ba.

"Kai, yau malamar dankali ce da kanta za ta birni?" in ji Gudveig. "Wa ya rasu?"

"Matsa mini, ƙafafuna sun daskare."

"Da kwamfuta kuma. Har yanzu ba ki yi ƙaurar nan ba? Tun bazara fa suka aiko miki da takardar sallama."

"Wata bai ƙare ba."

"Jibi zai ƙare, tsohuwa."

Solfrid ta zauna, ta ɗora jakar a kan gwiwa, ta kalli ruwan toka-toka ta taga. Shekara goma sha ɗaya tana rubutu a shafinta na yanar gizo, kowace Alhamis, a kan noman lambu a tsibirin da iska ke tuge kabeji da saiwarsa. Kafin ta yi ritaya mai haɗa magunguna ce, kuma ba ta bar halin aikin ba: duk abin da littattafan lambu suka ce a yi, sai ta raba kunya biyu, ta yi shi a ɗaya, ta ƙi yi a ɗayar, ta jira kaka. Sau da yawa dankalin bai san an bi littafi ko ba a bi ba. Haka take rubutawa, mutane kuma suka so abin, har sama da dubu uku suka ba da adireshinsu don rubutun ya riƙa zuwa musu ta imel.

Ba ita ke aika musu ba. Wani kamfani ne ke ɗaukar duk abin da ta wallafa ya raba wa masu bibiya, kyauta, tun farko. Yanzu kamfanin ya gaji, ya ce zai rufe, kowa ya kwashi mutanensa ya nemi wani gida.

Mutum dubu uku ba su ne suka sa take jan ƙafa tun bazara ba. Mutum ɗaya ne.

Mijinta Torleif ne ya fara rajista ranar da ta buɗe shafin, wai don kada ta yi magana da bango. Adireshinsa na ƙungiyar masu kwalekwale ne, wadda ba wanda ya taɓa share mata akwatin imel tun da aka kafa ta. Shekara huɗu da suka wuce, da zai fita kamun kifi na 'yan kwanaki, ya kunna amsar nan da na'ura ke bayarwa da kanta idan mutum ba ya nan. Zuciyarsa ta tsaya a cikin kwalekwale, abokan tafiyarsa suka dawo da shi. Ba wanda ya kashe amsar, don ba wanda ya san kalmar sirrinsa. Tun daga nan, kowace Alhamis, Solfrid na wallafa rubutu, kafin ruwan kofinta ya tafasa sai saƙo ya shigo:

"Na fita teku. In abin gaggawa ne a tambayi Solfrid, ita ta san komai. Torleif."

"Kin san abin da fadan cocinmu ya ce a taron zawarawa," in ji Gudveig, tana ƙirga ido a allurar saƙa. "Wai baƙin ciki matakai ne, ana hawa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe shi ne saki."

"Matarsa na da rai. A ina ya hau su?"

"A littafi."

"To. Ni ma a littafi na karanta cewa kada a shuka albasa kusa da wake."

Gudveig ta yi dariya har allura ta suɓuce mata. Ta ciro wainar fulawa da ta naɗe a takarda, ta yaga ta miƙa mata rabi. "Ni dai yayana ne, amma ko yana da rai bai taɓa amsa mini saƙo a kan lokaci ba. Ke kin yi sa'a, sai da ya mutu ya gyaru."

A birni ana yayyafi. Solfrid ta hau bas zuwa ofishin ƙaramar hukuma, inda 'yarta Ingunn ke aiki a sashen tsara gine-gine. Ingunn ta ce hutun cin abincin rana kawai take da shi, don haka a ɗakin cin abincin ma'aikata suka zauna, kowa a kewaye yana kwance ƙunshin burodinsa da cuku, ba mai ɗaga murya.

"Na duba miki guda uku, Mama," in ji Ingunn, ta jawo kwamfutar gabanta. "Wannan na farkon shi kowa ke komawa. Zai nuna miki wanda ya buɗe rubutunki, da ƙarfe nawa, da inda ya tsaya da karatu."

"Me zan yi da wannan?"

"Ki san masu karatunki."

"Shekara arba'in ina miƙa wa mutane maganin basir ta kan kanta. Na san su isasshe. Na biyun fa?"

"Na biyun yana gyara miki kanun rubutu da kansa, yadda za a fi dannawa."

"Wuce."

Ingunn ta sauke numfashi, irin wanda take saukewa tun tana 'yar shekara goma sha uku. "Na ukun ban ma so in nuna miki ba. Wasu tsofaffin injiniyoyi ne ke riƙe da shi don sha'awa. Ba hoto, ba launi, rubutu tsura. Kamar takardar asibiti."

"Shi ma zai karɓi mutanena yadda suke?"

"Babu wanda zai karɓa haka. Tsohon kamfanin bai ajiye shaidar cewa sun yarda ba, don haka dole a sake tambayar kowa. Za a aika wa kowane adireshi saƙo, wanda ya ce i ya shiga, wanda ya yi shiru ya fita."

"Wanda ba zai iya cewa i ba fa?"

"Ai amfanin abin ke nan. Rabin dubu ukun nan matattun adireshi ne, Mama, shara ce kawai za ta..."

Wani mutum a teburin gefe yana ta kokawa da murfin robar madara. Ingunn ta ajiye burodinta.

"Ban yi nufin Baba ba."

"Na sani."

"Amma tunda maganar ta fito. In amsar nan kike so, ba sai kin bi ta wani kamfani ba. Ki aika masa saƙo kai tsaye daga wayarki, ko sau goma a rana, za ta zo."

"Ni ba na rubuta wa matattu wasiƙa, Ingunn. Ban haukace ba tukuna. A kan dankali nake rubutu, ga duk mai so. Shi ne yake sa baki."

"Na'ura ce take sa baki."

"Na san na'ura ce. Ni na koya masa kunna ta."

Ta taɓa gwadawa sau ɗaya, a hunturun farko bayan rasuwarsa. Ta rubuta masa layi biyu, amsar ta zo nan take, kalmomin nan dai, ba ragi ba ƙari, amma sai ta ji kamar ta ƙwanƙwasa ƙofar gidanta da kanta ta kuma buɗe wa kanta. Ba ta sake ba. Wannan ba ta faɗa wa Ingunn ba, don ta san za a kai maganar wajen likita.

"Na kira sakataren ƙungiyarsu a kan kalmar sirrin," in ji Ingunn a hankali. "Ya ce wanda ya haɗa musu abin ya koma kudu, ba wanda ya san yadda ake shiga. In aka taɓa, wai komai zai iya rushewa."

"Kada su taɓa."

"To wanne za mu ɗauka? Lokacina ya kusa."

Solfrid ta cire tabarau ta murza idanu. Gajiya ce a jikinta wadda ba ta tafiya ba ce. Ta tuna kunyoyin da ba ta haƙe ba, da gwiwar da ke kumbura duk lokacin da ta durƙusa, da Alhamis bayan Alhamis da take neman abin faɗa a kan karas.

"Na tsofaffin," ta ce. "Su dai ba za su leƙa ɗakin mutane ba. Ki kwashe mutanena can, in yi musu sallama ta mutunci ranar Alhamis, in rufe shafin. Ya isa haka."

"Da gaske kike?"

"Na faɗi duk abin da na sani a kan dankali. Har da wanda ban sani ba."

Ingunn ta dube ta kamar za ta yi musu, sai kuma Solfrid ta ga sauƙi ya sauko a fuskar 'yar tata, ta kau da kai don kada ta gani da yawa. Yatsun Ingunn suka shiga aiki. Ta sauke adireshin daga tsohon gida, ta loda su a sabo, tana karanta saƙon tambayar da sauri-sauri: shafin Solfrid ya ƙaura, mai son ci gaba ya danna nan ko ya maido da amsa ga wannan saƙo, wanda ba ya so kada ya yi komai.

"Ya yi?"

"Ya yi."

"Injinsu a hankali yake aikawa, rukuni-rukuni, sai zuwa yamma za su fara fita." Ta danna. Ta rufe kwamfutar, ta sumbaci uwarta a goshi, abin da ba ta saba yi ba. "Kin yi daidai, Mama."

"Haka ake cewa."

Ta sayi irin albasa a kasuwa don al'ada, sai da ta biya ta tuna ba lallai ta shuka ba. Ta zauna a ɗakin jira na tasha har jirgin yamma ya zo. Gudveig na ciki, a kujerar nan dai, da ledar kantin ulu da sabon gashi da aka gyara mata.

"An yi jana'izar?"

"An yi."

"Kin yi kuka?"

"A ɗakin cin abincin ƙaramar hukuma? Ai sai a ce in cike takarda."

Jirgi ya bar gaɓa. Sun wuce fitilar bakin mashigi ke nan wayar Solfrid ta yi ƙara a aljihun rigar ruwanta. Ta ciro ta, ta nisanta ta da fuskarta don tabaran na cikin jaka. Saƙo ne daga sabon gidan, rubutu tsura kamar yadda aka ce. Mutum ɗaya ya tabbatar yana son ci gaba da karɓar rubutunta. Ga adireshinsa. Ga kuma abin da ya maido, an liƙa a ƙasa.

Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta miƙa wa Gudveig wayar.

Gudveig ta matso da ita kusa da hanci, leɓɓanta na motsi. "Na fita teku. In abin gaggawa ne..." Ta ɗago. "Kai! Ni ko nawa saƙon bai iso ba, shi har ya amsa?"

"Sun ce a danna ko a maido da amsa. Ya maido."

"Ja'irin mutum. Takardar haraji sai da ta shekara a kan firji."

Wayar ta sake ƙara a hannun Gudveig, kira ne wannan karon. Solfrid ta karɓa.

"Mama, kin gani?" Ingunn ce, ana jin ƙarar motoci a bayanta. "Ban yi tunanin wannan ba sam. Injinsu tsohon yayi ne, duk amsar da ta dawo yana ɗauka an yarda. Kuskure ne. Ina isa gida zan shiga in cire shi, kada abin ya dame ki."

"Me kika ce mini ɗazu? Wanda ya ce i ya shiga."

"Ai bai ce i ba."

"Ubanki bai taɓa cewa i ba a rayuwarsa. Ranar da na tambaye shi ko zai aure ni, cewa ya yi bari ya duba yanayin iska."

"Mama..."

"Dokarsu ce, ba tawa ba. Ki bar shi."

Solfrid ta ji 'yarta na jan hanci, ta ji bas ya tsaya, ƙofa ta buɗe.

"To sallamar ranar Alhamis fa?" in ji Ingunn.

"Zan kira ki," Solfrid ta ce, ta kashe.

Ta zauna da wayar a tafin hannu. Ba murna ta ji ba. Abin da ta ji ya fi kama da na wanda ya riga ya cire takalma, ya miƙe ƙafa, sai aka kira shi daga waje. Gwiwarta na zugi. Tsibirin ya fara fitowa daga hazo, duwatsu baƙaƙe da rumbunan kwalekwale ja, da tarin ciyawar teku da guguwar makon jiya ta watso bakin gaɓa.

"Gudveig."

"Na'am."

"Ciyawar tekun nan da kike zubawa a kunyar dankalinki. Kina wanke gishirin kafin ki zuba?"

"Dole. Kowa ya san gishiri na kashe shuka."

"Wa ya gwada?"

Gudveig ta ja tsaki, ta koma kan saƙarta. "A tambayi Solfrid," ta ce.

Solfrid ta laluba jaka ta ciro tabarau, ta duba ledar irin albasa ko ta jiƙe. Aka fara sauke gada. Ta miƙe da ƙyar, tana dafa kujera, tana lissafin inda ta ajiye baro.