Laifin Madara Ne

Wata uku ɗaliba Jerotich ta yi a ɗakin bincikensu na garin Eldoret tana shafa rinin da ake samu daga gyaɗa a tantanin idon ɓera. Rinin kan kama furotin mai sukari da ke lulluɓe ƙwayoyin gani, su haska. Ita kuwa duhu kawai take samu.

"Hannunki ne, 'yata," in ji Farfesa Barasa, shugabanta. "Gara ki koma dafa shayi."

Ran Talata ta ƙura wa madarar da ya koya musu jiƙa tantanin a ciki ido. Ai madara ma da sukarinta, ita ke kwashe rinin! Ta zubar, ta sake gwadawa.

Ƙwayoyin suka fito reras, kore shar. Farfesa ya leƙa madubin ƙara girma, ya kasa ɗagowa.

"Baba," ta ce, "madararka ce za ta koma shayi."