Ruwan Tsibiri a Firjin Gwaggo Awadiyya

Lawal bai yi nisa a karatu ba, amma yana jin daɗin aikin da ya samu. Shi ke ɗaukar wa Zaid kaya, wani ɗalibi ɗan Katsina da ke zana taswirar wuraren da ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa ke ɓullowa cikin teku a gefen ƙananan tsibiran Bahar Maliya. Sukan bi gaɓa a hankali, inda suka ji sanyi ya taɓa ƙafa sai su tsaya su auna gishiri, su ɗiba. A wannan tafiyar na'urar awon gishirin ta lalace daidai wurin da Zaid ya fi sa wa rai, sai suka cika 'yar jarka, za a auna a Alkahira. In babu ruwan nan, wurin ba zai hau taswira ba, kuma ba su da halin komawa bana.

Lawal ya iso unguwar Hayyin Ashir ta Alkahira a gajiye, ya sa jarkar a firjin gwaggonsa Awadiyya, ya bi lafiyar katifa. Bai san cewa Hamad, surukinta, ya dawo daga Umra ba, har ya ce zai aiko mata da zamzam.

Da hantsi ya farka, ya tarar da jarkar a kife.

"Gwaggo, ina ruwan nan?"

"Zamzam ɗin? Na raba wa maƙwabta. Ka makara, sarkin barci."

"Gwaggo, ruwan teku ne fa."

"Kai, tafi can! Teku da na sani? Wannan ɗan garɗi-garɗi ne da shi."

Ya zauna ya yi mata bayani a tsanake. Ta riƙe haɓa, can sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Oh ni 'yasu! Maƙwabciyata Mardiya har cewa ta yi ciwon gwiwarta ya sake ta. Ma'alish, yi haƙuri ɗana. Yalla, tashi mu bi gida-gida."

Suka hau bene suka sauka. Ko'ina an shanye, wasu sun shafa wa yara a ka. Lawal yana ta sunkuyar da kai, yana tunanin da wane baki zai gaya wa Zaid.

A hawa na ƙarshe suka sami Hajiya Sabuwa tana tsince shinkafa. Ita ba ta sha nata ba. 'Yarta ce ke da tsohon ciki, ta ajiye mata sai ranar naƙuda. Sabuwar kwalba ta saya don shi, ta toshe bakin, ta naɗe da ƙyalle ta sa a firji.

"To ni yanzu me zan ba yarinyar?" ta tambaya, ba ta saki kwalbar ba.

"Na Hamad in ya zo, kason Lawal naki ne," in ji Awadiyya. "Shi ya shayar da mu teku."

Hajiya ta miƙo.

Da azahar Lawal ya kai wa Zaid kwalbar a unguwar Faisal. Zaid ya ji labari, ya yi dariya ya ce wannan ma ya isa. Ya tsoma na'urar aro a ciki, ya duba, ya sake dubawa.

"Tamam, haka nake so. Gishirin bai kai na teku ba ko kusa."

Ya jawo taswirar, ya miƙa wa Lawal shuɗin alƙalamin da yake sa alamar maɓuɓɓugar ruwan daɗi da shi, ya nuna masa gefen tsibirin ta arewa. Lawal ya goge hannu a riga, ya ɗiga ɗigon a hankali.